Na'Allah da Haihuwar Alfadara

"Ni dai a kawo mani kowane iri biyu, in haɗa su, in hidda na ukku!"

Maganar Na'Allah ke nan, kuma daga Ƙofar Kware har bakin kasuwar Sakkwato babu majalisar da ba ta sha jin ta ba. In ya faɗe ta sai ya gyara zaman hula, ya dubi jama'a ɗaya ɗaya, ko akwai mai ja.

Masu ja kuwa sun gaji ne kawai. Kowa ya san shekarar da ya shuka albasa da tafarnuwa a rami ɗaya can fadamar Rima, ya ɗaure su da zare, wai don mata su huta, su riƙa yanka abu guda su sami biyu. Albasar ta ruɓe, tafarnuwa ta fito ita kaɗai. Ya ce albasar ce ta ji kunya. Da damina ta zagayo ya kama kan gero da na dawa ya ɗaure wuri ɗaya, wai su saba da juna. Tsuntsaye suka sami wurin zama mai faɗi, suka cinye duka biyun. Ya ce saura kwana uku kacal abin ya kama.

To shi Na'Allah abu ɗaya yake so a duniya: ya je Gwanja. Yana ba da labarin ƙasar goro kamar can aka yanke masa cibiya, alhali ƙafarsa ba ta taɓa wuce Dundaye ba. Duk shekara sai ya je ya roƙi Madugu Gidaɗo, shugaban fataken unguwarsu, ya tafi da shi. Duk shekara Madugu ya ce ayari ba ya ɗaukar mai baki kawai.

Ran nan ana shirin tashi, ana ta ɗaure kaya a zango, sai Na'Allah ya tarar da Madugu tsaye kan wasu alfadarai biyu, mace da namiji. Macen tana da miki a gadon baya, namijin yana ɗingishi, ba mai iya tafiya a cikinsu.

Madugu ya yi tsaki ya ce, "Bisa mai ƙarhin doki da haƙurin jaki, amma kowane ɗaya sai an koma ga jaki da goɗiya kahin a same shi. Da suna haihuwa da na huta."

Na'Allah ya matso. "Allah shi ja zamanin Madugu, wa yac ce ba su haihuwa?"

"Kowa da kowa. Tun kakanninmu."

"To kakanni sun yi gaggawa. Uwatai ta haihu, ubanai ya haihu, shi mi za shi hana shi? Gajiya ta! Kun aza masu kaya daga nan har Gwanja, ku sauke ku aza wani, yaushe sunka samu sukunin zance da juna?"

Fatake suka fashe da dariya. Madugu kansa sai da ya riƙe gemu. Ya ce, "To ga su nan, dama mai kiwonsu nika nema. Tahiyarmu shekara guda da 'yan watanni. In na dawo na iske wagga da ɗa a gindinta, wallahi tahiya mai zuwa kai ka shugabantar bisashen ayari har Gwanja. In ban iske ba, kada ka sake tare ni da maganar tahiya."

"Shaidu sun ji?" in ji Na'Allah.

Shaidu suka ce sun ji, suna share hawaye.

Ya jawo alfadarai har gida, yana tafe yana gaishe da mutanen da ba su gaishe shi ba. Matarsa Hajjo tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗaga kai ta ga kunnuwa huɗu sun shigo ta zaure.

"Maigida, waɗanga hwa?"

"Arziki na. Wagga Amarya, wanga Ango."

"Ina za su kwana?"

"Nan inda kike shanya."

"Ni kuma in yi shanya bisa kanka?"

Ya wuce da su wurin shanyar. Ya kafa turke ɗaya, ya ɗaure su tare don su shaƙu. Kafin la'asar sun shaƙu sosai: Amarya ta juya ta ba Ango ƙafa biyu a haƙarƙari, Ango ya rama, turke ya tumɓuke, suka bi ta kan zanar da ta raba gidan da na maƙwabci.

Maƙwabcin nan kuwa Bawa ne baduku, taubashin Na'Allah, wanda tun suna yara ba ya barin sa ya sha ruwa lafiya. Ya shanya jajayen fatun awaki da ya jeme, masu kyau, na sirdi. Ya fito ya tarar Ango yana taunar guda, Amarya ta tsaya a kan biyu.

Bawa ya leƙo ta inda zana take a da. "Taubashi, ashe biki anka yi ba a gaya muna ba? Ga ango ya zo cin kayan lehe."

"Wasan sababbin aure na. Kai mi kas sani?"

"Na san hwatata. In sun ƙare wasan ka zo ka ɗinke zana."

Washegari Na'Allah ya zauna ya yi nazari, ya gano inda matsalar take. Ba a yi wa Amarya kwalliya ba, ta yaya Ango zai dube ta? Ya faki idon Hajjo ya kwashe lallenta, ya kwaɓa a ƙwarya, ya durƙusa bayan alfadara zai ƙunsa mata a ƙafa. Ƙafar farko ta yi shiru. Ta biyu ma ta yi shiru. Yana cewa "Kun gani, ita ma tana so," sai ga shi zaune cikin kwatami, ƙwaryar lalle kife a kansa.

Kwana ashirin gemun Na'Allah da rabin goshinsa suna ja wur. In ya shiga kasuwa mahauta su ce, "Barka da hitowa, amarya." Ya ce musu sabon maganin ciwon kai ne daga gabas.

Daga nan ya koma kan ciyarwa. Ya ce jiki sai ya murje kafin ya ɗauki ciki. Harawa, dusa, ƙaiƙayi, ruwan kanwa safe da yamma. Da harawa ta ƙare ya juya kan rumbu. Hajjo ta je ɗibar geron fura ta ga sai ta zura hannu har kafaɗa.

"Maigida, geron ga ƙahwa gare shi?"

"Mai juna biyu ka ci."

"Wace mai juna biyu?"

"Amarya mana. Hito ki gani."

Abin mamaki, cikin Amarya ya fito. Mikin baya ya warke, gashi ya kwanta, ciki ya yi tulu. Na'Allah ya manna kunne a jikinta, ya ji ƙululu, ƙululu. Ya miƙe a hankali, ya ɗaga yatsa biyu.

"Tagwaye."

Kafin azahar labari ya kai Ƙofar Rini. Mutane suka riƙa shigowa kallo. Tsofaffi suna kama baki, wasu suna cewa ikon Allah ya wuce haka, wasu suna cewa a dai jira. Na'Allah ya shimfiɗa buzu kusa da turke yana karɓar gaisuwa, yana hana mutane tari kusa da ita. Wani mai awaki har ya tambaye shi ko zai iya haɗa masa akuya da barewa. Ya ce a bari ya gama da wannan tukuna, layi ne.

Sai Bawa ya ratso jama'a, ya zagaya Amarya, ya gyaɗa kai. Ya wuce ya zagaya Ango, ya daɗe yana kallo.

"Taubashi, zo nan. Shi wanga watanai nawa?"

Jama'a suka juya. Cikin Ango ya fi na Amarya girma.

Na'Allah ya yi gyaran murya. "Tausayi na. Miji na ƙwarai, in matatai ta yi nauyi shi ma shina yi."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Ni na haihi tara, ban ga marigayi ya yi ko kumburin ƙahwa ba."

"Ai shi ba haɗin iri na ba, Inna."

Haka aka yi ta tafiya har watanni suka cika. Wata rana da hantsi Na'Allah ya cika wa Amarya kwando da ɗanyen wake don ƙarin ƙarfi. Can sai ta fara kai da kawo, tana waiwayar cikinta, tana gumi. Ta kwanta, ta tashi, ta sake kwanciya ta shiga birgima.

Na'Allah ya yi waje ba takalmi. "Naƙuda! Jama'a naƙuda! Wanda bai gani da idonai ba kada shi zo shi tambaye ni!"

Gida ya cika, har bisa katanga. Masu tallar fura suka ajiye ƙwarya. Na'Allah ya naɗe hannun riga, ya sa aka kawo ruwan zafi da tsumma, ya kori kowa baya, shi ya tsuguna daidai wutsiya don ya tari na farko.

Amarya ta miƙe tsaye, ta buɗe ƙafafu, ta yi nishi. Jama'a suka miƙa wuya.

Abin da ya fito ba shi da kai ba shi da ƙafa. Iska ce, doguwa, mai amo kamar an busa ƙaho, sai da kajin Hajjo suka watse. Bayanta kuma kwandon wake ya biyo, duka, a kan tsumman da Na'Allah ya tara da hannu biyu. Cikin Amarya ya sauka a gaban kowa. Ta girgiza kunne ta nufi komin ruwa.

Bawa ya toshe hanci ya leƙo. "Barka, Taubashi. Wanne na Hasan?"

Na'Allah ya ce wannan share hanya ne, haihuwar na tafe. Amma tun daga ranar ya rage zama majalisa.

Ba a yi kwana goma ba sai ga kuwwa daga yamma: ayari ya dawo. Madugu Gidaɗo ya sauka lafiya, kuma ya aiko cewa in an yi la'asar zai zo da mutanensa ya ga ɗan alfadara, don labarin tagwaye ya tarye shi tun a hanya.

Na'Allah ya dubi Amarya, ta dube shi. Hajjo ta ce, "Maigida, ka tahi ka ce mashi ba ta yi ba. Ba a kashe mutum don wanga."

"In ce ba ta yi ba? Gwanja hwa?"

Ya zura babbar riga ya fita. Rana ta take, irin ta Sakkwato, wadda ko ƙadangare ba ya tsallaka hanya. Yana tafe yana saƙa da kwancewa har ya iso Ƙofar Kware. A nan, gindin wata tsamiya, ya ga jaka a ɗaure, ɗanta kwance a inuwa yana barci. Ta Inna Mariyatu ce, mai kawo tukwane daga Dundaye. Takan ɗaure jakar a nan ta shiga gidaje talla.

Na'Allah ya duba gabas, ya duba yamma. Ya ce a ransa aro ne, kafin magariba ya maido. Ya sunkuci ɗan jaki ya rufa masa babbar riga, ya bi ta lungu yana haki, ƙafafu huɗu suna leƙowa ta ƙasan rigar. Jakar ta bi shi da kuka, amma igiya ta riƙe ta.

Ya sauke shi gaban Amarya, ya ja da baya, don ya san ƙafarta. Ai kuwa sai ta sunkuya ta shinshina ɗan, ta fara lasarsa. Ango ya matso, ta kore shi da haƙora. Ta tsaya a kan ɗan jakin nan kamar ita ta haife shi da gaske.

Na'Allah kansa sai da ya fara shakka. Ya ce, "Hajjo, kin gani? Dama saura kaɗan."

Hajjo ta shige ɗaki ta saki asabari. "Ni ban ga komi ba, ban ji komi ba."

Bayan la'asar Madugu ya iso da fatake, unguwa ta biyo su. Da suka ga alfadara tana lasar ɗa, sai salati ya tashi. Bawa ma ya matso yana murza ido. Na'Allah ya tsaya gefe, hannu a ƙugu.

"Allah shi ja zamanin Madugu, ga alkawari. Jiya da hantsi tas sauka."

"An ce mani tagwaye."

"Ɗayan ya koma."

Madugu ya yi shekara talatin yana sayen dabba. Ya sa aka riƙe Amarya da ƙyar, ya tsuguna, ya shafa cikin ɗan. "Jiya? Ina cibiya? Wagga ta daɗe da hwaɗuwa."

"Haɗin iri na, da sauri shika warkewa."

Madugu ya buɗe masa baki. "Ga haƙora, har da sauran ciyawa."

"Da yunwa yaz zo."

"Kunnuwan ga na jaki na, sak."

"Kakanai yab biyo. Ba a gado a gidanku?"

Jama'a suka yi dariya, wasu suka fara cewa a bar mutum da nasararsa. Madugu ya shafa gemu. Sannan ya ce, "To, ku sake ta. Shi sha nono mu gani."

Aka saki Amarya. Ɗan jaki, wanda tun azahar bai sa komai a ciki ba, ya kutsa kai ƙarƙashinta. Ya laluba dama, ya laluba hagu, ya tunkuya, ya sake tunkuya. Babu ko ɗigo. Ya janye kai, ya buɗe baki ya tsala kuka.

Daga can bayan gidaje aka amsa.

Kuka ne na jaka, mai tsawo, kuma yana matsowa. Na'Allah ya ce, "To jama'a, mai jego na son hutu, a watse haka nan." Ba wanda ya motsa. Sai ga jaka ta faso zaure, hantsarta cike har tana ɗiga, tana jan igiya, igiyar tana jan Inna Mariyatu, gyale a hannu, numfashi sama sama.

Ɗan jaki ya bi ta tsakanin ƙafafun Madugu, ya kama nono, har ana jin ƙarar haɗiya daga zaure.

Na'Allah ya tafa hannu. "Madalla! Ga mai shayarwa ta iso. Ni nas sa a kawo ta, Madugu, don nonon Amarya bai sauko ba tukuna. Sannu Inna, kin yi latti."

Mariyatu ta dube shi daga hula har ƙafa. "Kai wa? Ni na san ka? Tun azahar nika yawo cikin rana, jakar ga ta ja ni lungu bakwai, ta hwasa mani tukwane ukku! Ɗan da nig ga haihuwatai da idona yau kwana arba'in!" Ta kama kunnen ɗan ta miƙa wa Madugu. "Duba tsagar ga. Shaidar gidanmu ta. Duba na uwar."

Madugu ya duba kunnen ɗa, ya duba na uwa. Tsaga biyu, wuri ɗaya.

Na'Allah ya leƙa shi ma. "Ikon Allah! Har shaidar mai shayarwa ya ɗauko."

Nan fa gida ya kece. Wani bafatake ya zauna ƙasa yana dukan cinya. Bawa ya jingina da zana, zanar ta sake faɗuwa da shi, bai fasa dariya ba. Daga cikin ɗaki ma ana jin ta Hajjo.

Ana cikin haka Amarya ta ga an ƙwace mata ɗa. Ta kwantar da kunnuwa ta yi kan jakar. Jakar ta juya baya ta shirya. Na'Allah ya faɗa tsakani yana cewa, "Haba, 'yan uwa na ku!" Ya samu ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma, hula ta yi sama.

Da aka raba, Madugu ya share ido da bakin rawani ya ce, "Na'Allah, kiwo kam ka iya, ban taɓa ganin bisashena da ƙiba haka ba. A kwance mani su. Gwanja kuwa, in mun dawo mu ba ka labari."

Mariyatu ta ce, "Ni ban ƙare da shi ba. Ɗan ga ya wahala, ba shi iya taka ƙasa. Yadda kaɗ ɗauko shi haka za ka maida shi. Ba gindin tsamiya ba, har Dundaye."

"Inna, a bari rana ta hwaɗi, mutane su rage..."

"Da kaɗ ɗauka rana ta hwaɗi? Duƙa!"

Ya duƙa. Aka aza masa ɗan jaki a wuya, ƙafa biyu ta nan, biyu ta can. Ya fito ƙofar gida ya tarar hanya cike har Ƙofar Kware. Mariyatu na gaba, jaka na shinshinar ƙeyarsa, Amarya ta ƙwace daga hannun fatake ta biyo baya tana kuka.

Mai awakin nan da ya taɓa neman a haɗa masa akuya da barewa ya ratso ya sha gabansa, ya rage murya kamar mai sirri, amma yadda kowa zai ji.

"Malam Na'Allah, wanga da kai da wa anka haɗa?"